Ranar da Inna ta hau babur ɗin surukinta

Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce a gaya wa waccan ta kawo ruwa, ni kuwa ga ni tsaye gabanta. Haka aka raine mu, ban kuma taɓa jin haushi ba. Na fara da wannan ne saboda yaran yanzu. In ba a gaya masu ba, za su ji abin da ya faru a hanyar Faskari su ce wauta ce. To, uwata ba wawuya ba ce, mijina ma ba wawa ba ne.

An kai ni Faskari Turawa na nan ba su tafi ba. Maigidana malamin gona ne, aikinshi duba auduga, daga rabon iri har awo. Yau yana Ƙanƙara, jibi yana Sabuwa, wani lokaci in kwana biyu ban ga ƙeyarshi ba. Da keke ya fara, daga baya wurin aiki suka ba shi babur. A zamanin nan, duk ƙasar tamu, baburan da ke akwai ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. In ya shiga ƙauye kaji su watse, awaki su tsinke igiya, tsofaffi su yi ta neman tsari. Ni dai ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. In na ji ƙararshi daga nesa nakan gyara ɗaurin kallabi, don na san duk matan unguwa sun ji, sun kuma san ƙofar da za ya tsaya.

Wata rana ya dawo daga wajen Ƙetare da rabin riga. Farar riga ce ta yadin akoko, ban daɗe da wanke ta ba. Ya ce iska ce ta ɗaga gefenta, sarƙar babur ta cafke, ya dai ji an fizge shi ta baya, kafin ya taka birki rigar ta kece har kafaɗa. Yana faɗa yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Da ya shiga wanka na fita zaure na tsuguna gaban abin, na duba shi da kyau. Ga sarƙa baƙa ƙirin da mai, tana bin wani faifan ƙarfe mai haƙora a jikin ƙafar baya, ga tsumman rigar ya cusu a tsakani kamar an dasa shi. Duk macen da ta yi kaɗi ta san halin abin da ke juyawa. In mazari ya kama bakin zare ba ya tambaya, naɗewa yake. Abin da ya ceci Malam ranar nan shi ne rigar yadin kanti ce, ba ta da ƙarfi, ta yage ta sake shi.

Tun daga ranar ba ya fita sai na ɗaure shi. In ya sa riga, in tattaro bayanta in kawo gaba, ya danne da cinya, hannuwan rigar a aza bisa kafaɗa, sannan in zagaya ƙugunshi da ɗamara in ƙulle. Ƙafafun wando kuma in ɗaure su da tsumma a idon sawu. Mahautan bakin kasuwa, da yake akwai wasa tsakaninsu, in ya wuce sai su bi shi da murya, wai Malam dambe za a je ko farauta, in farauta ce a tuna da su. Ya kawo mani ƙara, na ce su yi ta yi, bakin mahauci bai taɓa karya ƙafar kowa ba. Shi ma ya samo dabararshi. In ya kusa gari sai ya tsaya bayan ganuwa ko gindin wata bishiya, ya kwance, ya karkaɗe riga, ya shiga gaida manya da kamalarshi. Muka yi rani biyu haka, ko zare sarƙa ba ta ƙara ci ba.

Ana tsakar damina, dawa ta fara rufe mutum, aka aiko mani Inna ba lafiya. Unguwarmu na gaba da Ruwan Godiya kaɗan. Babanmu ya riga ya rasu, gidan daga Inna sai ƙannena sai Kaka, wadda ta haifi Inna. Na tafi da ƙafa. Ashe tushiyar kara ce ta soke ta a tafin ƙafa tana tsinkar yakuwa, ta raina abin, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da sha'aninta. Kafin in zo an yi duk abin da aka sani. Wanzami ya yi sakiya, an dafa ganye an gasa, ta sha rubutu. Na tarar da ƙafar ta yi kamar taɓarya biyu a haɗe, fatar na sheƙi, baƙi ya fara haurowa ƙwauri, ga kaluluwa, ga jiki kamar garwashi. Warin ma tun daga ƙofar ɗaki yake tarbar mutum.

Na aika wa Malam. Kafin ya taso sai da ya biya wurin malamin asibitin da ke ɗakin shan magani, ya kwatanta mashi. Mutumin ya ce a kawo ta maza, sai an tsaga an wanke, a yi ta allura kwana da kwanaki, shi kuma shi kaɗai ne, ba ya iya rufe wurin ya tafi ƙauye. Ya ce in baƙin nan ya wuce gwiwa, to sai dai addu'a.

Kawowar ita ce aiki. Mota ba ta shiga wajenmu da damina. Jaki kuwa yini za a yi, ƙafar na reto, ba ta iya jurewa. Aka ce a ɗauke ta bisa gadon kara, maza su yi ta karɓeɓeniya. Ta ce ba wanda za ya aza ta a makara tana numfashi. Saura babur.

Sai kun san yadda Inna suke da Malam. In ya zo gaisuwa, tun daga waje yake tuɓe takalmi, ya durƙusa jikin zana, ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Inna na ƙuryar ɗaki, Kaka ce ke amsawa a madadinta. In suka yi kiciɓis a hanya sai ta faɗa cikin dawa har ya wuce. Ba ta cin abinci in yana gidan, ko a zaure yake. Shekarunmu da aure, na tabbata da an jera mashi mata a kasuwa an ce ya nuna surukarshi, da muryar tari kawai za ya gane ta. Mijin ɗiyar fari ke nan. Wannan mutum aka ce ta zauna bayanshi, gwiwarta na gogar rigarshi.

Kaka ita ba ruwanta, mijin jika abokin wasanta ne. Ta fito tana dogara sanda ta zagaya babur ɗin ta ce, "Angona, wannan jakin naka me yake ci yake wannan tusa? Ni ka ɗauka mana, ni ba kunyarka nake ji ba. In rungume ka har Faskari, amaryarka ta mutu da baƙin ciki."

Ya ce ai tsoro yake kada iska ta ɗauke ta a hanya, a ce ya zubar da tsohuwar mutane. Aka ɗan yi dariya, ba ta yi nisa ba, don daga ɗaki Inna ta ce a gaya wa mutanen waje ita ta gode, amma gara ta mutu a ɗakinta. Kaka ta shiga. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Ta ce ita ta binne miji ta binne ɗiya uku, ba ta da sauran ƙarfin binne wata, in kuwa nonon da ta ba ta yana da hakki, to ta tashi ta hau. Can Inna ta ce ta ji, amma da sharaɗi. Wai Malam ya juya baya har a gama aza ta, kada ya waiwaya a hanya, kada kuma ya yi mata magana. Malam na durƙushe jikin zana yana ji, ya ce ya ɗauka.

Da safe na shiga shirya ta na tarar ta sa an buɗe adaka an ciro zanenta na saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda ita ta kaɗa zarenshi da hannunta. Zaren Inna sananne ne, masaƙa har rige-rige suke. Irin wannan zane kuwa ba ya yagewa. Na ce da Kaka ta gaya mata ta ɗaura tsohon zanen kanti, wanda in wani abu ya kama shi za ya yage. Ta ce a gaya wa waccan ba za ta shiga garin surukai da tsumma ba. Na ga in na ja zancen za ta fasa tafiyar gaba ɗaya, na bari.

Amma ɗauri na yi shi yadda ya kamata, wannan ko gaban wa zan faɗa. Muka ɗaura matashi bisa kariya, wato ƙarfen zaman baya, ni da ƙanwata muka ɗaga ta muka zaunar a karkace, ƙafafu gefe guda yadda mace ke zama. Gefen nan kuwa shi ne gefen sarƙa. Na tattare zanen har ƙasan gwiwa, na cusa bakinshi tsakanin cinyoyinta, na kawo majanyi na zagaye na ƙulle. Mayafin na ratsa bakunanshi ta ƙirji na ɗaure a baya kamar mai shirin goyo. Ba abin da ke lilo ko kamar tafin hannu. Sai dai ƙwaurinta duka biyu a waje suke, mai ciwon da mai lafiyar. Ta sunkuya ta dube su kamar na wata. Ranar na karya al'ada na yi mata magana kai tsaye, na ce, "Inna, don girman Allah kada ki taɓa ɗaurin nan sai kun sauka." Ta kama ƙarfen kariya da hannu biyu, ta ja jikinta baya don kada ta taɓa shi. Malam na fuskantar gaba kamar an dasa shi. Ya tada babur suka tafi a hankali, da hantsi.

Wurin zama na mutum ɗaya ne, don haka na aza ƙunshin kayanta a ka na bi su da ƙafa. Sawun taya na nan bisa danshi, shi na yi ta bi.

A unguwar farko na tarar da mata bakin rijiya. Tun kafin in gaishe su suka ce ko ni ce matar mai babur. Wai ya tsaya nan, ya kafe ƙafa bai sauka ba bai waiwaya ba, ya kira wata tsohuwa ya roƙe ta ta gyara wa baƙuwar da ke bayanshi zane. Tsohuwar ta ce ta samu majanyin a kwance, zanen ya sauka har yana shafar ƙarfe. Na gane abin da ya faru. Suna fita gari suka fara wuce maza a gonaki, kowa ya ɗago daga noma yana kallon abin mamaki, mace bisa babur. Inna ta ji idanu a ƙwaurinta ta saki hannu ɗaya ta kwance. Daga baya Malam ya gaya mani inuwarsu yake kallo a ƙasa, a nan ya ga bakin zane na kaɗawa.

Na ƙara sauri. A unguwa ta biyu ma labarin ke nan, wata mai dakan gero ce ta ɗaure mata, har tana ce mani ita ba ta taɓa ganin suruki mai ladabi irin wannan ba, da bango yake magana. Ban tsaya jin yabo ba. Na san abin da ke gaba, daji ne mai tsawo ba gida ko ɗaya, kuma ranar kasuwa ce, hanya cike da masu jakai.

Rana ta take tsaka na hango mutane tsaitsaye a wani gangare kusa da rafi. Abin da na fara lura da shi, duk maza ne, kuma duk sun ba hanya baya, suna kallon daji. Babur na kwance a gefe. Na jefar da kayan na ruga.

Inna na kwance gindin wata kaɗanya, an lulluɓe ta da babbar rigar Malam tun daga wuya har ƙafa. Wata Bafillatana mai tallar nono ta aje ƙwaryarta tana riƙe da kanta. Malam na can nesa durƙushe gaban babur, daga shi sai 'yar shara, hannunshi ya saɓule tun daga gwiwar hannu jini na ɗiga, yana yankar zane daga cikin sarƙa da wuƙa. Zanen ya naɗe a ƙafar baya kamar an yi da gangan. Ko ina bai yage ba.

Yadda abin ya faru, a bakinshi na ji, bayan kwanaki. Suna shiga dajin suka haɗu da ayarin masu jakai, ta sake kwancewa. Ya ga inuwa. Ya rage gudu yana dube-dube ko za ya ga mace, babu, sai maza. Ya ce ya yi tunanin tsayawa ya jira, ya tuna maganar malamin asibiti da baƙin da ke haurowa, ga rana na yi. Ya yi tunanin miƙa hannu baya ya tattare, hannun ya ƙi. Suna cikin gangaren ya ga bakin zanen na lasar sarƙa, sai ya karya sharaɗi, ya ce, "Inna, zanenki."

Ita kuwa da ta ji surukinta ya ambaci zanenta, ba sarƙa ce ta zo mata a rai ba. Ta ɗauka wani wuri ne ya buɗe a jikinta har ya gani. Sai ta saki ƙarfen da hannu biyu ta ja zanen ƙasa gaba ɗaya. Sarƙa ta karɓa. Ta fizge ta daga kan kariya ta maka da ƙasa, ta tuɓe mata zanen, ƙafar baya ta cije, shi ma ya faɗi da babur ɗin. Ƙugunta ya goce, ciwon ya fashe. Ga ayarin maza a bayansu.

Daga wurin nan Faskari ta fi gida kusa ƙwarai. Na durƙusa na ce Inna saura kaɗan, a samo gado a rugar su mai nonon nan a ƙarasa da ke. Ta rufe ido ta ce da Bafillatanar ta gaya wa waccan a mai da ta gida. Malam ya aiko wani dattijo cikin masu jakan ya ce a gaya mata in don shi ne, yau ɗin nan za ya wuce Sabuwa, ba za ya kwana Faskari ba har ta warke ta koma, gidan nata ne ita da ɗiyarta. Ta ce a yi mashi godiya, a mai da ta gida. Aka samo gadon kara a rugar, aka aza ta, ita da ta ce ba ta hawa. Da suka ɗaga na sha gabansu na ce su yi Faskari, ni ce ɗiyarta, ni na ce. Har sun fara juyawa. Sai ta buɗe baki daga ƙarƙashin rigar, da muryar da kowa ya ji, ta ce duk wanda ya taka da ita taki ɗaya wajen garin nan ba ta yafe mashi ba duniya da lahira. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Ba mai ɗaukar wannan a kanshi." Suka juya da ita. Na bi su a baya ina jin kamar in kama gadon in ja.

Na yi fushi da kowa a hanyar nan. Na yi fushi da masu noman da suka ɗago kai, da Malam da ya yi magana, da Malam da bai yi ta tun da wuri ba, da Inna kanta, Allah ya jiƙanta. Har yau in na zauna ina juya abin ban samu inda zan aje laifin ya zauna ba. Ɗaurina dai bai kwance ba, kwance shi aka yi.

Maɗori ya zo ya gyara ƙugun. Ƙafar ce ba ta da mai gyara. Malam ya karɓo ƙwayoyi wurin malamin asibiti, kullum ya zo ya kashe babur tun daga bayan gari don kada ta ji ƙararshi, ya turo shi da hannu, ya ba Kaka maganin a ƙofar gida ya koma. Kaka ta daina yi mashi wasa. Ba don fushi ba, bakin ne ya mutu. Inna na shan ƙwayar ba musu, amma baƙin ya wuce gwiwa muna kallo.

Wata la'asar ina yi mata fifita, ƙannena sun tafi ɗiban ruwa, Kaka na salla. Sai na ji ta ce, "Ke." Na duba bayana in ga da wa take. Ba kowa. Ni take kallo, cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Ta ce, "Ya gani?"

Na ce, "Bai gani ba, Inna. Da baya ya zo, ya jefa rigar ta kan kafaɗarshi. Mai nonon ta gaya mani."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce to, ta juya fuska wajen bango. Kwana biyu bayan nan ta cika, da hantsi, Kaka na riƙe da hannunta.

Mai nonon ba ta gaya mani komai ba, don ta iso wurin ne bayan an lulluɓe Inna da rigar. Ko yau aka sake tambayata amsar da zan bayar ke nan. Malam ya zauna zaman makoki a ƙofar gidanmu har aka yi bakwai, hannunshi naɗe da tsumma, yana karɓar gaisuwa tare da kawunnaina. Muka koma Faskari muka ci gaba da zama, muka haifi ɗiya, muka aurar. Ban taɓa tambayarshi abin da ya gani a gangaren nan ba, shi ma bai taɓa faɗa ba har ya bi Inna lahira.